Kore Ɗaya, Takarda Biyu

Asabar, 23 ga Fabrairu, bayan la'asar

Yau mun yi cacar baki da Salman a kan kore. Wanda ya ji sai ya yi dariya, a ce yaya da ƙane sun tsaya a ƙofar shagon buga takardun da ubansu ya bar musu suna ɗaga murya saboda launi.

Aikin Hajiya Naja'atu ne, shugabar matan Islamiyyar unguwarmu. Littafin ƙasidun Maulidi suke so, da ambulan ɗin takardar gayyata. Bangon littafin a kan kushe, takarda mai santsi da sheƙi. Ambulan kuwa a kan ofset, takardar da ba a shafa mata komai ba. Ran da ta zo, Salman ya buɗe mata nuwansiye, maficin nan na samfurin launuka. Biyu ne da mu, ɗaya na takarda mai sheƙi, ɗaya na marar sheƙi. A na sheƙin ta ɗora yatsa kan wani kore mai rai, ta ce, "Wannan. Kuma komai ya fito iri ɗaya."

Bango ya fito kamar ganyen ayaba bayan ruwa. Ambulan kuwa, da tawada ɗaya daga gwangwani ɗaya, ya fito kamar miyar kukar da ta kwana. Na ce a kai haka nan, wa ke ajiye ambulan? Yagawa za a yi a yar.

Ya ce, "Adda, kushe riƙe tawada take yi a samanta, ofset shanyewa take yi. Lambar ɗaya ce, amma Hajiya ba lamba za ta duba ba. Sai na yi wa ambulan haɗinsa dabam, in ƙara masa rawaya."

Na ce rawaya ta ƙare. Ya ce Litinin zai je unguwar Bassa, a nan Duwala, ya ɗauko a wajen dillalinmu. Na ce ana maganar yajin aikin masu taksi ran Litinin. Ya ce sammako zai yi.

Inno, mahaifiyarmu, ta ce a ƙaro shinkafa da mai a ajiye. Komai ya yi tsada, har makala, fanken da muke karyawa da shi, ta ƙanƙance.

Litinin, 25 ga Fabrairu, da hantsi

Ya tafi bayan asuba, a bayan bensikin, wato babur ɗin haya, na Mudi maƙwabcinmu. Ko shayi bai tsaya ya sha ba.

Babu taksi ko ɗaya a titi. Na buɗe shago rabi, na ga kowa ya rufe, na mayar na rufe.

Litinin, bayan azahar

Hayaƙi ta wajen unguwar Kassalafam, hayaƙi ta wajen kasuwa. Warin taya har cikin ɗaki. Muna jin ƙara daga nesa, Inno na cewa ƙofar wani kanti ce ake bugawa. Ni da Kausar, matar Salman, ba mu musa mata ba.

Wayarsa tana shiga, ba a ɗagawa.

Litinin, bayan magariba

Mudi ya dawo a ƙasa, shi kaɗai. Ya tsaya a zaure ya ƙi shigowa, sai da na fita.

Ya ce sun isa Bassa lafiya, dillalin ya buɗe musu ta ƙofar baya ya ba su tawadar. A dawowa ne, a karfur ɗin Ndokoti, babbar mahaɗar nan, samari suka tare hanya suka ce kowane bensikin ya sauka. Yana tura mashin ɗin cikin wani gida don ya ɓoye sai aka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka watse.

"Wallahi Adda Rakiya, na juyo ban gan shi ba. Ganin ƙarshe da na yi masa yana gudu, ya rungume gwangwanin a ƙirji."

Na ce ya je ya wanke idonsa. Na shiga na ce wa Inno Salman ya laɓe a wajen dillali har hanya ta lafa.

Talata, 26 ga Fabrairu, da asuba

Bai dawo ba. Wayar yanzu a kashe take.

Laraba, 27 ga Fabrairu, bayan la'asar

Ba a fita. Masu kaki a kowace mahaɗa. Mun dafa shinkafa da manja, Kausar ta ci loma biyu don jaririyar ta sami nono.

Haushinsa nake ji. A nan kaɗai zan iya faɗa. Mutum da mata da jaririya, ya kama hanya a rana irin wannan saboda ambulan. Ambulan! Tun yana yaro haka yake, ba a yi masa gyara, shi ke yi wa mutane. In ya dawo sai na wanke shi tas a gaban kowa.

In ya dawo.

Alhamis, 28 ga Fabrairu, da hantsi

Inno ta ce, "Rakiyatu, dillalin nan ba shi da waya ne?" Na ce layi ne ba kyau. Ta dube ni, ta ci gaba da jan carbi. Ba ta sake tambaya ba, kuma daga lokacin ba ta sake cewa a ajiye masa abinci ba.

Juma'a, 29 ga Fabrairu, bayan sallar Juma'a

An ɗan fara fita. Mudi ya ɗauko mashin ɗinsa, mun zaga komisariya uku, wato ofisoshin 'yan sanda. A ta farko an ce mu dawo Litinin. A ta biyu ba a bar mu mun kai ƙofa ba. A ta uku wani ya ce mini, "Madame, ils sont nombreux," wai suna da yawa, ya juya baya. Mata ne cike a bakin titi, kowace da kwanon abinci a ɗaure cikin ɗankwali, babu wadda ta san ko nata yana ciki.

A masallaci an yi masa addu'a da sunansa, in ji Mudi. Yanzu unguwa duk ta sani.

Asabar, 1 ga Maris, bayan azahar

Mun je wurin da Mudi ya ce ya kamata a duba. Ba zan rubuta sunan wurin ba. Akwai sanyi a ciki.

Fuska ban iya duba ba. Hannuwa na riƙa bi. Na san hannun ƙanena, tawada ba ta taɓa barin ƙarƙashin farcensa ba.

Ba ya nan. Na ce Alhamdulillahi da ƙarfi, sai na ji kunya, don matar da muka shiga tare ta sami nata. Na riƙe ta har muka fito, ko sunanta ban tambaya ba.

Na ce wa Kausar asibiti muka je.

Lahadi, 2 ga Maris, da yamma

Bai dawo ba.

Litinin, 3 ga Maris, da hantsi

Na buɗe shago don zaman gida ya ishe ni. Komai yana inda ya bar shi. Wuƙar haɗa tawada a kan gilashi, koren ya bushe a jikinta. Na share ƙasa, na goge injin, ban taɓa wuƙar ba.

Hajiya Naja'atu ta zo jaje. Ta zauna a benci, ta yi addu'a mai tsawo. Da za ta tashi ta ce, "Maganar aiki ki bar ta. Ambulan ɗin da aka buga ma ya isa, wa zai duba?"

Maganata ce ta ran Asabar, kusan kalma da kalma. Ban san abin da ya taso mini ba, na ji bakina yana cewa, "A'a Hajiya, iri ɗaya kika ce, iri ɗaya za a kawo miki."

Ta yi mini sallama ta tafi.

Laraba, 5 ga Maris, bayan la'asar

Yana raye. Yana raye.

Wani mutum ya zo shago da rana, Kirista ne, mutumin nan Duwala, ya ce sunansa Dikonge. Takalminsa ƙafa ɗaya silifa, ƙafa ɗaya soso. Jiya aka sako shi. Ya ce, "C'est ici Adda?" wai nan ne wajen Adda? Na ce ni ce. Ya ce ashiya, wato sannu, sannan ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

Mota ɗaya aka zuba su ran Litinin ɗin, in ji shi. An tsare duk wanda aka samu a layin, aka ce kowa ya buɗe tafin hannu. Wanda hannunsa ke da baƙi, an ce shi ya ƙona taya. Salman ya yi ta cewa tawada ce, yana ɗaga gwangwanin. Dikonge ya ce sauran ba nasa ba ne ya faɗa.

Na ce ta yaya zan tabbata ƙanena ne ya gani? Ya ce ai ya ba shi saƙo, ya sa shi ya maimaita har ya haddace, da Hausa, alhali ba ya jin Hausa. Ya rufe ido ya karanto da karyayyen harshe:

"Adda ki ƙara rawaya kaɗan-kaɗan. Ki duba a ƙofa, ba a fitila ba. Ki jira ta bushe."

Na yi dariya, na yi kuka, na rasa wanne nake yi. Mutum yana tsare, abin da ya aiko ke nan. Ba "ku gaida Inno" ba, ba "yaya jaririya" ba. Dikonge ya ce ya faɗi waɗannan ma, amma da Faransanci, su ba sai an haddace ba.

Ya ce su Salman an mayar da su gidan yari. Na ba Dikonge takalmin Salman na shago. Na ruga gida ko mayafi ban gyara ba. Inno ta yi sujada a tsakar gida, a kan siminti mai zafi.

Juma'a, 7 ga Maris, bayan la'asar

Na gan shi. Ta tsakanin ƙarafa, cikin hayaniya, kowa na kiran nasa.

Ya rame. Gefen dama kawai ya juyo mini, har muka gama magana bai juyo ɗayan ba. Da na miƙa kwanon, sai da hannunsa ya lalubi iska kafin ya kama. Na ce duhun wurin ne.

Ya tambayi Inno, ya tambayi Kausar da yarinya. Na yi niyyar yi masa faɗa, na tanadi maganganu tun daga gida. Abin da na ce kawai shi ne, "Ka ci da zafinsa."

Kausar ta tare ni a zaure: "Adda, yaya yake? Ki gaya mini gaskiya." Na ce ya rame, amma lafiyarsa ƙalau.

Asabar, 8 ga Maris, da hantsi

Mai unguwa da liman sun ce za su je Bonanjo, inda kotu take, ran Litinin su tsaya masa. Mijin Hajiya Naja'atu ma ya ce ya san wani lauya. Ana cewa wasu an riga an yanke musu hukunci, a tsaitsaye, rukuni-rukuni. Ba na son jin "ana cewa".

Litinin, 10 ga Maris, bayan azahar

Malam Abdulganiyu ya zo. Bayarabe ne, shagonsa na buga takardu yana Kassalafam, shekara da shekaru muna ƙwace wa juna masu ciniki, tun zamanin Baba ba a ga maciji. Ya ajiye rabin gwangwanin rawaya a kan tebur ya ce mini, "Hajiya, na ji abin da ya kai yaron nan Bassa. Irin taku ce. In kin gama haɗi ki aiko, ni zan tayar miki da injin."

Na ce ban taɓa haɗa tawada ba, ni yanka da naɗi da ɗinki na sani. Ya ce, "Kina da ido. In na haɗa miki, koren shagona zai fito, ba naku ba."

Talata, 11 ga Maris, bayan la'asar

Na kankare wuƙar.

Na buɗe maficin marar sheƙi na nemi lambar da Hajiya ta zaɓa. Ga ta nan, lamba ɗaya, amma a mace, kamar ba ita ba. Sai na ɗora bangon da Salman ya buga a gefe, na riƙa bin ganyen maficin ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda ya yi kama da shi a ido, ba a lamba ba. Na samu wani can gaba, lambarsa dabam. Shi na sa a gaba.

Na ɗebi kore, na ɗiga rawaya, na murza, na shafa a guntun ofset da yatsa. A jiƙe ya yi kyau har na yi murna. Da ya bushe ya koma duhu. Na sake. Rawaya ta yi yawa, ya zama kamar ɗanyen lemo. Na sake.

Bayana ciwo yake. Amma tun safe ban tuna da ƙarafan nan ba sai yanzu.

Laraba, 12 ga Maris, da yamma

Mai unguwa ya dawo. An ce su koma mako mai zuwa.

An ɗauke wuta. Ruwan farko ya sauka, kwata ta cika ta shigo zaure. Takardun gwaji sun ƙi bushewa.

Juma'a, 14 ga Maris, bayan la'asar

Na kai masa abinci, na ɓoye guntun gwaji biyu a cikin mayafi, na bango da na ambulan. Na ɗaga masa ta tsakanin ƙarafa. Ya matso da fuska sosai, ya daɗe, sannan ya ce, "Nan ba haske, Adda. Ke me kika gani?" Na ce ina ganin saura kaɗan. Ya ce, "To saura kaɗan."

Salman bai taɓa yarda da idon wani ba, ko na Baba.

Duhun wurin ne.

Lahadi, 16 ga Maris, da hantsi

Ya dace. Na fito da guntun bango da na ambulan ƙofa, na kira Kausar da ta kawo mini kunu, na ce ta nuna mini wanda ya fi duhu. Ta juya su, ta sake juyawa, ta ce, "Adda ai ɗaya ne." Na aika wa Malam Abdulganiyu.

Talata, 18 ga Maris, bayan magariba

An buga, an yanke, an naɗe. Malam Abdulganiyu ya wuni a kan injinmu yana zaginsa da Yarbanci. Hajiya ta aiko an kwashe.

Na zaci zan ji daɗi. Shagon ya zama fayau, ba abin da zan sa hannu a kai gobe.

Alhamis, 20 ga Maris, bayan la'asar

Maulidi. Muna jin ƙasidun mata daga makaranta. Inno ta ce mu je, na ce kaina ke ciwo. Ita ma ba ta je ba.

Asabar, 22 ga Maris, bayan azahar

Ya dawo.

Ban san wanne ya yi aiki ba, zuwan liman ne, ko lauyan, ko kuwa wurin ne ya cika. Mai unguwa ne ya kawo shi a taksi, ya riƙe masa hannu a bakin kwata. Inno ta riƙa shafa kansa tana kiran sunan da take kiransa yana jariri. Kausar ta tsaya a ƙofar ɗaki ta kasa matsowa, sai da ya ce, "Ina mutuniyar?" sannan ta miƙa masa yarinyar.

Idon hagu a rufe yake, fatar wurin ta yi wani iri. Ya ce ƙofar mota ce ta buge shi. Kowa ya ce Allah ya sawwaƙe. Babu wanda ya ƙara tambaya.

Gida cike da 'yan barka. Mudi ya zo ya durƙusa yana kuka, Salman ya ce, "Tashi, kai ka ce in je?"

Litinin, 24 ga Maris, da hantsi

Barci yake ta yi. In an buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura ya buɗe tafin hannunsa.

Alhamis, 27 ga Maris, bayan magariba

Yau ya ce zai je shago. Inno ta hana, ya ce zaman ɗaki ya ishe shi.

Alhaji Ɓoɓɓo mai ganyen shayi ya kawo sabon aiki, takardar manna wa kwali, ja mai duhu irin na tambarinsa, a kan kushe. Ya bar mana tsohon kwali don samfuri. Da ya tafi, Salman ya ɗauko mafitan biyu. Na ga ya shafa su da babban yatsa kafin ya gane wanne ne na sheƙi. 

Ya fita ƙofa, ya buɗe, ya daɗe yana juyawa. Ya tsaya a kan wani ganye ya ɗora kwalin a gefensa. Ruwan ƙasa ne, ko kusa da ja bai yi ba.

Ya ce, "Adda, sun dace?"

Na buɗe baki zan ce saura kaɗan. Ya ce, "Kada ki yi mini abin da kike yi wa Inno."

Na ce, "Ba su dace ba."

Ya gyaɗa kai. Ya rufe maficin a hankali ya zauna a benci. Masu bensikin na ta wucewa, mai gasa kifi na hura wuta a tsallake.

Ya ce idon hagun ya tafi tun ranar farko. Na daman yana ganin mutum, yana ganin hanya, amma duk launi ya koɗe, kamar rigar da ta sha wanki. Ya zaci in ya fito haske zai dawo. Tun Asabar yake jira.

Na ce akwai likitan ido, gobe da sassafe za mu je, ana warkewa, sau nawa aka ga haka. Ya ce za mu je. Sannan ya ce, "Amma Alhaji Ɓoɓɓo Litinin yake son kayansa. Ɗauko wuƙar."

Na ɗauko. Yana zaune, ni ina tsaye a kan gilashi. Shi ke faɗin abin da zan ɗiba, ni ke faɗa masa abin da ya fito. "Ya yi haske." "Ɗiga baƙi, kan wuƙa kawai." "Yanzu ya yi kamar zoɓo." "To kin kusa." Haka har la'asar. Sau ɗaya ya yi dariya, da na ce masa wani haɗin ya yi kama da hanta.

Da muna rufe shago ya ce, "Kada Kausar ta ji a bakinki. Ni zan gaya mata."

Ɗakinsu yana jikin nawa. Tun da aka idar da salla nake jin muryarsa ta bango, ƙasa-ƙasa. Shi kaɗai ke magana.